Judge Dredd Jiya da Yau

Mujallar 2000 AD, wadda kamfanin IPC ya fara bugawa a Landan cikin Fabrairun 1977 ƙarƙashin jagorancin Pat Mills, tana fitowa ne mako-mako ɗauke da ƙagaggun labaran kimiyya cikin zane, kuma masu sana'ar suna kiran kowace fitowa "prog". A fitowa ta biyu aka gabatar da Judge Dredd, wanda John Wagner ya ƙirƙira, Carlos Ezquerra ya zana siffarsa, wato jami'in birnin Mega-City One da aka haɗa masa ikon kamu da na shari'a da na zartar da hukunci.

A zamanin farko ana buga mujallar a takardar jarida mai araha, galibi baƙi da fari, domin 'yan makaranta, kuma kason Dredd bai cika wuce shafi shida ba. Wannan ƙunci ne ya koya wa Wagner da abokin aikinsa Alan Grant taƙaita zance, suka riƙa yi wa rashin aikin yi da danniyar hukuma a Birtaniya zambo cikin barkwanci mai ɗaci. Ko da labarin Apocalypse War na 1982 ya hallaka rabin mazauna birnin su miliyan 800, ba a jima ba aka koma raha.

Sauyi na gaske ya zo ne da labarin America na 1990, wanda Colin MacNeil ya zana, inda aka kalli Dredd da idon talakan da ke neman dimokuraɗiyya, sai jarumin yara ya bayyana a matsayin mai tsaron zalunci. Bayan kamfanin Rebellion na Oxford ya sayi mujallar a 2000, masu karatu sun zama manya, labarai sun ƙara tsawo da nauyin siyasa, kamar Day of Chaos na 2011 zuwa 2012, wanda ɓarnarsa ta samo asali daga fansar yaƙin Apocalypse War.

Tsofaffin masu karatu sukan ce an rasa kuzarin da, kuma suna da gaskiya daidai gwargwado. Sai dai labarin ya fara ne a shekarar 2099, kuma kowace shekara ta duniya shekara ce a cikinsa, don haka Dredd ya tsufa yana ɗauke da alhakin abin da ya aikata. A nan sabon zamani ya fi na da ƙarfi.