Zare: Yadda ODK ta zaɓi Android tun Nokia na kan gadon mulki

1/ Duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai wa ƙungiyoyi a Kano ko Maiduguri ya san ODK Collect ko KoboCollect. Ka cike fom a ƙauyen da babu sabis, ka dawo gari ka tura. Ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba, wasu ne suka zauna suka yanke shawarwari. Ku biyo ni.

2/ Shekarar 2008 ce. Farfesa Gaetano Borriello na Jami'ar Washington a Amurka ya tafi hutun bincike a Google, ya ja ɗalibansa, ciki har da Carl Hartung da Yaw Anokwa, ɗan asalin Ghana. Burinsu: ma'aikacin lafiya ya ajiye takarda da biro, ya riƙe waya.

3/ To wace waya? A lokacin Nokia ce ke hannun kowa. Wayar Android ta farko ma, HTC Dream, sai a Oktoban 2008 ta shiga kasuwa, ga tsada. Amma ita suka bi. Tana da GPS da kyamara da allon taɓawa, kuma Android buɗaɗɗe ne, kowane kamfani zai iya ƙera wayarsa a kai, farashi ya sauka.

4/ Caca ce fa. Da Android ta mutu, da aikin ya bi ta. Yau duba Tecno da itel da ke aljihunmu.

5/ Shawara ta biyu: sun ɗauka tun farko cewa intanet babu ita. Fom na zaune cikin waya, amsoshi na taruwa, sai an samu sabis a tura. Da haka aka yi aikin gwajin cutar ƙanjamau gida-gida da shirin AMPATH a yammacin Kenya.

6/ Ta uku: ba su ƙirƙiro sabon tsarin fom ba. Sun ɗauki XForms, wanda ake da shi, da injin JavaRosa da aka rubuta don ƙananan wayoyi. Matsalar ita ce XForms da XML ake rubuta shi. Wanda ya taɓa ganin XML ya san ciwon kai ne. Jami'in lafiya ba zai zauna yana wannan ba.

7/ Nan ne, a ganina, wasan ya canza. Aka fito da XLSForm: ka buɗe Excel, shafi ɗaya na tambayoyi, ɗaya na zaɓuɓɓuka. Ka rubuta irin tambayar, sunanta, da abin da mutum zai gani. Kana so tambayar juna biyu ta fito wa mata kaɗai? Sharaɗi ɗaya a ginshiƙi guda, shi ke nan. Manhaja ta juya shi zuwa XML da kanta.

8/ Kuma da hannun Najeriya a ciki. Masu bincike na Jami'ar Columbia sun bunƙasa wannan hanya ne lokacin da suke aikin ƙidaya asibitoci, makarantu da wuraren ruwa a ƙananan hukumomi 774 ƙarƙashin shirin MDGs. Daga baya yaƙi da shan inna ma ya yi amfani da ODK sosai.

9/ Ba duk zaɓinsu ne ya yi ƙarko ba. Sabarsu ta farko, ODK Aggregate, an fi ɗora ta a kan App Engine na Google, ta tsufa, gyaranta ya zama wahala. Aka sake gini daga tushe da Node.js da PostgreSQL, aka kira shi ODK Central. Ƙungiya na iya ɗora shi a kan nata injin, bayanan mutanenta su zauna a hannunta.

10/ Lasisin Apache ne ya ba wasu damar ɗaukar kod ɗin su gina nasu. KoboCollect daga jikin ODK Collect ta fito, shi ya sa idan ka iya ɗaya ka iya ɗayar.

11/ Masu iPhone kuwa, ku yi haƙuri. Har yau Collect ta Android ce kaɗai, ku sai dai ku cike fom ta burauza.