JIRGIN DA BABA MAI GADI BAI TAƁA GANI BA

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai waɗanda suka yi zamani da mu tsakanin 1972 da 1977 ba za su manta da Baba mai gadi ba, Allah ya jiƙansa. Tsohon sojan Bama ne. Idan an tashi daga karatun dare mukan kewaye shi a bakin ƙofa, yana ɗumamar wuta, mu ce, "Baba, a ba mu labarin Jafan." Mu dai so muke mu ji harbe-harbe a daji, amma shi kullum sai ya koma kan teku. Ya ce daga Ikko suka shiga jirgi a 1943, suka zagaya ta ƙasar Afirka ta Kudu, suka yi makonni kafin su sauka Bombai. Da dare ba a kunna fitila, ba a shan taba a sarari, kowa da rigar iyo a wuya har wurin barci. Wata rana na tambaye shi me suke tsoro haka. Ya ce, "Yaro, jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. Maƙiyin daji ka kan ji motsinsa, wannan kuwa sai dai ka ji ka a lahira." Na ce to yaya kamanninsa? Ya yi dariya ya ce ai wanda ya gan shi bai dawo ya ba da labari ba.

Wannan tambaya ta zauna mini a rai fiye da shekara arba'in. Da na ajiye aiki, hannu ya rasa abin yi, sai na tuna ɗan abin da aka koya mana a ajin kafinta, na ce bari in sassaƙa wa kaina wannan jirgi in ga abin da ya hana Baba barci.

Na zaɓi wani jirgi mai lamba I-27. Japanawa sun kasa jiragensu na ƙarƙashin ruwa gida uku, manya su ne masu harafin I. Shi wannan yana cikin wani jinsi da ake kira B1, wanda aka ƙera guda 20. An gama shi a Sasebo cikin Fabrairu 1942. Tsawonsa mita 108 da ɗoriya, wato ya fi filin ƙwallon makarantarmu. Na raba kowane awo da 200, sai ya zama abin da zan sassaƙa bai wuce santimita 54 ba, kimanin kamu ɗaya da ɗan ƙari.

Katakon afara na samu wajen wani kafinta, na tsaga shi biyu, na zana siffar jirgin a kowane ɓari, na bi da wuƙa da magagari da samfefa. Gangar jikin kaɗai ta ci mini mako shida, domin ba zagayayye ba ne kamar gora yadda na zata. Gabansa siriri ne kamar na kwalekwale, cikinsa ya buɗe, bayansa ya tsuke inda farfela biyu suke. Farfelun da gwangwanin madara na yanka su, kuma sai a karo na biyar suka yi kyau. Maiɗakina ta ce tun da take ba ta taɓa ganin dattijo yana rigima da jikoki a kan gwangwani ba.

Kuskurena na farko shi ne ya fara koya mini tarihi. Na ɗora igwa a gaban hasumiyar jirgin, domin haka na saba gani a hotunan jiragen Jamus. Da na koma kan zanen sai na ga ashe a baya take. Gaban an bar shi ne don wani abin mamaki, wato ɗaki mai kama da tulu kwance, wanda ake ajiye ƙaramin jirgin sama a ciki an kwance masa fukafukai, da kuma wata doguwar kwangiri da ake cilla shi sama daga kanta. Idan ya dawo sai ya sauka a kan ruwa, a ɗauke shi da ƙugiya. Jama'a, jirgin ƙarƙashin ruwa ɗauke da jirgin sama! Da irin wannan ne wani ɗan uwansa, I-25, ya jefa bom a dajin Oregon ta ƙasar Amurka a Satumba 1942.

Dalilin wannan tsari kuwa, manyan sojan ruwan Japan ba su ƙera waɗannan jirage don farautar jiragen kaya ba, yadda Jamusawa suka yi. Nufinsu shi ne su yi nisa cikin teku, su leƙo inda rundunar Amurka take, su rage mata ƙarfi kafin babbar karawa. Shi ya sa aka yi su manya, masu gudu a saman ruwa, masu cin dogon zango ba tare da shan mai ba. Wani lokaci dabarar ta ci, domin I-19 ya nutsar da Wasp, babban jirgin Amurka mai ɗaukar jiragen sama, ranar 15 ga Satumba 1942. Amma girman nan shi ne ajalinsu. Suna da nauyin nutsewa, na'urar maƙiyi tana saurin jin su, kuma zurfin da aka amince su kai mita 100 ne kacal. Ran da na karanta wannan sai na ɗaga sassaƙata na tsayar da ita a kan hanci. Ashe jirgin ya fi zurfin da zai iya ɓuya a ciki tsawo. A ganina wanda ya zana shi ya fi tunanin kai hari a kan tunanin yadda mutane casa'in da 'yan kai da ke ciki za su komo gida.

Shi I-27 aikinsa na farko da ya yi suna a Ostireliya ne. A daren 31 ga Mayu 1942 yana cikin jirage uku da suka goyo ƙananan jiragen nutso masu ɗaukar mutum biyu-biyu, suka sake su cikin tashar Sidni. Wanda ya goyo ya sarƙe a ragar ƙarfe da aka gitta a mashigin tashar, mutanen ciki suka tarwatsa shi da kansu. Bayan haka aka mai da shi Tekun Indiya, yana fita daga Penang. A nan ne hanyarsa ta gamu da ta mutane irin su Baba.

A farkon Fabrairu 1944 ayarin jirage biyar ɗauke da soja ya tashi daga Mambasa zuwa Kwalambo. Cikinsu akwai Khedive Ismail, jirgin fasinja na wani kamfanin Masar da Ingilishi suka karɓa don yaƙi. Mutum 1,511 ne a cikinsa, kuma kusan dubu daga ciki rundunar igwa ce ta Afirka ta Gabas, su ma Bama suka nufa. Akwai kuma mata, yawancinsu masu jinya. Ranar 12 ga wata, da rana tsaka, kusa da tsibiran Maldib, I-27 ya sakar masa topido, wato dogon bom mai farfela da ke tafiya cikin ruwa. Biyu suka same shi. Cikin 'yan mintoci ƙalilan jirgin ya ɓace. Kusan mutum 1,300 suka halaka, 77 daga cikinsu mata, waɗanda suka tsira ɗari biyu ne da 'yan kai.

Abin da ya biyo baya ya fi wuyar faɗi. Jiragen yaƙi biyu na Ingila, Petard da Paladin, suna rakiyar ayarin. I-27 ya laɓe a ƙarƙashin wurin da mutane ke iyo suna neman ceto. Dokar sojan ruwa ita ce a fara kashe maƙiyi kafin a tsamo kowa, domin sauran jirage huɗu cike suke da mutane. Petard ya zuba bama-bamai masu fashewa cikin ruwa a wurin, wasu da suka tsira daga nutsewa suka mutu ta hannun nasu. Da I-27 ya taso sama, Paladin ya banke shi har shi ma ya yi rauni, daga ƙarshe Petard ya raba shi biyu da topido na bakwai. Na daɗe ina juya wannan hukunci a zuciyata. Ban iya cewa kyaftin ɗin ya yi kuskure ba, amma ban so a ce ni aka ba wannan zaɓi ba.

A lokacin da na kai nan a karatu, saura fenti kawai. Na yi wata guda ban taɓa shi ba. Jikana ya tambaye ni girman mutum a wannan awo, na lissafa, bai kai santimita ɗaya ba, kamar ƙwayar shinkafa. Yaron ya ɗebo shinkafa ya ce mu ƙirga mutanen Khedive Ismail. Muka zauna a tabarma muka ƙirga 1,300, ya tara su gefen jirgin. Ba su cika tafin hannuna biyu ba. Sai na tuna a wannan teku Baba ya ratsa 'yan watanni kafin haka, shi da dubban 'yan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya na runduna ta 81, sa'an nan ta 82 ta bi bayansu a 1944. Mu da muke wucewa ta gaban barikin Chindit a Zariya mun san sunan daji, amma ba wanda ya taɓa gaya mana labarin ruwa sai mai gadinmu, mu kuwa muna ɗauka tsoron bahaushe ne da bai saba da teku ba.

Daga baya na gama shi. Na shafa masa toka-toka a sama, ja a ƙasa, na jera siraran tsinke a doronsa a madadin katakon da aka shimfiɗa wa na ainihi. Na ƙudura zan kawo shi taronmu na shekara, idan shugabanni sun yarda a ajiye shi a laburaren makaranta, tare da ƙaramar kwalbar shinkafar nan da takardar bayani. A takardar ina so in rubuta cikakken sunan Baba da bataliyarsa, ga shi kuwa shekara biyar muna shan ɗuminsa ban taɓa tambayarsa ba. Don Allah duk wanda ya sani cikin 'yan ajinmu ko na gaba da mu, ko ya san inda iyalinsa suke, ya aiko ta hannun Edita kafin ranar taro.