Daidaiton Tarakta Mai Hannun Haƙa da Ƙarfin Haidirolik: Wanne Ya Kamata a Fara Gyarawa?

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin tarakta ta noma da aka ɗaura wa hannun haƙa a bayanta. An bi hanyar lissafi, inda aka auna ƙarfin da silinda ke bayarwa da ƙarfin da jikin tarakta ke iya tokarewa kafin ta zame ko ta kife. Sakamakon ya nuna cewa a irin wannan na'ura tsayuwa ce ke yanke iyakar haƙa, ba matsin mai ba.

Gabatarwa

Kamfanin Wain-Roy na Amurka ya fara sayar da hannun haƙa mai aiki da haidirolik a ƙarshen shekarun 1940. Joseph Cyril Bamford, mai kamfanin JCB, ya haɗa nasa a Ingila a 1953, sannan a 1957 kamfanin Case ya fitar da samfurin 320, wanda tun daga masana'anta aka ƙera tarakta da hannun haƙarta a matsayin abu guda. Sai dai mafi yawan taraktocin da ke gonakinmu, irin su Massey Ferguson 375, don huɗa da jan tirela aka yi su. Idan mai ita ya ɗaura mata hannun haƙa don yasar magudanar ban-ruwa ko tona ramin harsashin gini a lokacin rani, ya ɗora mata aikin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Koken da aka fi ji a bakin direbobi shi ne "ba ta da ƙarfi", musamman in haƙoran bokiti suka ci karo da marmara. Maganin da bakanike ya fi saurin kawowa kuwa shi ne ya ɗaure bawul ɗin sakin matsi. Wannan maganin ne maƙalar ta sa a sikeli.

Hanyar Nazari

An ɗauki misalin tarakta mai nauyin kilo 3,000 tare da firam, da hannun haƙa mai kilo 600. Silindar bokiti tana da faɗin ciki milimita 70, famfo yana tura lita 40 a minti, bawul yana sakin matsi a bar 170. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su daidai da girman irin waɗannan na'urori, kuma kowa na iya sa nasa ya sake lissafin. An jingina da ƙa'idar Pascal, da ma'aunin ISO 10567, wanda ya ce kayan da na'urar haƙa za ta ɗaga kada su wuce kashi 75 cikin ɗari na nauyin da zai kifar da ita, ko kashi 87 na ƙarfin haidirolik ɗinta.

Ƙarfin da ke Isa Haƙori

Ƙarfin silinda shi ne matsi a ninka da faɗin fuskar fistin. Fistin mai milimita 70 fuskarsa murabba'in santimita 38.5 ce, don haka a bar 170 yana tura kilonutan 65. Ba duka ne ke isa ƙasa ba. Idan tazarar aikin silinda daga fil ɗin bokiti mita 0.25 ce, daga fil zuwa bakin haƙori kuma mita 0.8, abin da haƙori ke samu kilonutan 20 ne kawai. In aka ɗaga matsi zuwa bar 200, silinda za ta ba da 77, haƙori ya sami 24.

A takarda ƙari ne na kusan kashi 18. To amma duk abin da bokiti ya ja ƙasa da shi, da shi ƙasa ke jan tarakta zuwa rami. Nauyin na'urar gaba ɗaya kilonutan 35 ne. Idan riƙon da ke tsakanin ƙafafun tokara da ƙasa rabin nauyi ne, kamar yadda aka ƙaddara a nan, tarakta za ta fara zamewa tun a kusan kilonutan 18. Wato ko 20 ɗin farko ba ta iya cinye su ba, balle 24. Mai jan guga a bakin rijiya, komai ƙarfin damtsensa, ba ya ɗago abin da ya fi ƙarfin kafuwar ƙafarsa. Ƙarin matsin kuwa ba ɓacewa yake yi ba: yana komawa kan tiyo, da sil, da wuraren walda.

Layin Kifewa

Nan ne akasarin masu tarakta ke kuskure, kuma nan ne rai yake. Ana ɗauka tarakta a kan tayoyi huɗu take tsaye. Ba haka ba ne. Gatarin gaba a kan fil guda yake lilo a tsakiya, don tayoyi su bi tudu da kwari. Saboda haka idan aka sauke ƙafafun tokara biyu na baya, shimfiɗar da na'urar ke tsaye a kai mai kusurwa uku ce: ƙafa biyu a baya, fil ɗaya a gaba. Layin da za ta kife a kansa yana tashi daga ƙafar tokara ya karkata zuwa wancan fil, yana matsowa kusa da cibiyar nauyi.

A ɗauka tsakanin ƙafafun mita 2 ne, daga su zuwa fil ɗin gaba mita 3, cibiyar nauyin taraktar mai kilo 3,000, ban da hannun haƙa, kuma tana mita 1.2 a gabansu. Tazarar cibiyar daga layin kifewa ba mita 1 ba ce kamar yadda ido ke nunawa, mita 0.6 ce. Idan aka juya hannu gefe, bokiti ya kai mita 3 daga tsakiya, nauyin da zai kifar da ita a can kilonutan 8.8 ne. Bisa ƙa'idar kashi 75, abin da aka yarda da shi 6.6 ne, kimanin kilo 670, kuma a ciki har da bokitin kansa da rabon nauyin hannu. Jiƙaƙƙiyar laka cike da bokiti, a juya ta da sauri a tsaya cak, tana iya cinye ragowar.

Gyara biyu aka gwada a lissafi. Buɗe ƙafafun tokara daga mita 2 zuwa 2.6 ya ɗaga nauyin kifewa zuwa kilonutan 13.5, ƙarin da ya haura rabi, domin yana nesanta layin daga cibiya kuma yana rage tazarar bokiti a lokaci guda. Na biyu, tarakta mai bokitin loda a gaba, mai faɗin mita 1.8, in aka danna shi ƙasa, shimfiɗar ta koma mai kusurwa huɗu, nauyin kifewa ya kai 14.1 ba tare da an taɓa ƙafafun ba. Bakin bokitin da ya nutse a ƙasa yana kuma hana zamewar da aka ambata.

Tafin ƙafar tokara ma abin dubawa ne. Faranti mai santimita 20 kowane gefe, in kilonutan 25 suka hau kansa, yana danna ƙasa da kilofaskal 625, alhali laka mai laushi ba ta ɗaukar ko 100. A fadama za ka ga farantin yana nutsewa a hankali, ruwa yana tsattsafowa ta gefensa, tarakta tana karkata ɗan kaɗan da kowane bokiti, direba bai lura ba don idonsa yana rami. Faranti mai santimita 40 yana rage dannawar zuwa 156, katako mai kauri a ƙarƙashinsa ya ƙara ragewa. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce a tara ƙasar da aka tono aƙalla santimita 60 daga bakin rami. Ƙafar tokara ta fi cancantar wannan nisa.

Maɗauri da Mai

Maɗauri mai maki uku da Harry Ferguson ya ƙirƙiro don garma aka yi shi. Hannun haƙa yana fizgar sandar sama ta maɗaurin gaba da baya ɗaruruwan sau a yini, har tsaga ta bayyana a inda take kame da akwatin giya. In ta karye, hannun na iya tasowa da kujerar direba. A ganina babu hujjar ɗaura hannun haƙa a kan wannan maɗauri kaɗai. Firam na ƙarƙashi, wanda aka ɗaure da kusoshi daga gatarin baya zuwa tsakiyar tarakta, shi ne ke raba nauyin.

Game da mai, lita 40 a bar 170 kilowat 11.3 ne. Duk lokacin da direba ya riƙe liba bawul yana kuka, wannan ƙarfin gaba ɗaya zafi yake zama, wanda zai iya ɗaga zafin tankin lita 40 da kusan digiri 10 a minti guda. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, mai yana saurin kaiwa digiri 80, ya tsinke, ya riƙa sulalewa ta gefen fistin. Sau da yawa "rashin ƙarfin" da ake ji da azahar wannan ne. Mai kauri irin ISO VG 68, da matata mai tsabta saboda ƙurar hunturu, da famfo na daban a kan sandar juyi ta baya mai zagaye 540 a minti, sukan dawo da ƙarfin da ya zube. Ga marmara kuma, bokiti mai santimita 30 yana ninka ƙarfin da ke kan kowane santimita na bakinsa idan aka kwatanta da mai 60.

Shawara

Ya kamata Cibiyar Bunƙasa Aikin Gona da Injuna ta Ƙasa da ke Ilori, da sassan injiniyancin noma na jami'o'inmu, su auna riƙon ƙafar tokara a jigawa da laka da marmara, su fitar da jadawali da Hausa wanda za a liƙa kusa da kujerar direba. Kafin nan, kada bakanike ya taɓa bawul ɗin sakin matsi sai ya sa geji ya karanta, kuma kada ya wuce adadin da masana'anta ta rubuta.