Fatsar kifin turut a tafkin Oô

Tafkin Oô yana cikin duwatsun Pirene a kudancin Faransa, kusa da garin Luchon, kuma zurfinsa ya kai mita 67. Masu fatsa na hawa can da ƙafa don kama turut, kifin ruwan sanyi da Faransawa ke kira « truite ».

A fatsa da ƙwaron bogi, ba a sa tana a ƙugiya. Ana ɗaura mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, kuma tun da ba ta da nauyi, nauyin igiyar ne ke kai ta nesa.

Zurfin shi ne matsalar. Idan rana ta ɗumama saman ruwa, kifin sai ya nutse ƙasa, ƙwaron bogi ya yi ta yawo a banza. Shi ya sa gwanaye ke fitowa da asuba ko da magariba, su tsaya inda ruwan dutse ke kwararowa cikin tafki, ko su koma ga igiya mai nutsewa.

Dole mai fatsa ya mallaki katin izini, kuma ana rufe kamun a lokacin hunturu.