Dabbar da ƙashinta ya wanke Bajamushen da aka yi wa dariya

 Yau labarin wata dabba zan ba ku, wadda in da za ku gan ta a gefen hanya, wallahi ko waiwayowa ba za ku yi ba. Masana suna rubuta sunanta Lystrosaurus, ni dai Listiro zan riƙa ce mata don kada harshena ya karye.

Ku ƙaddara wata halitta gajeriya, mai ƙiba, yawanci tsawonta bai fi mita 1 ba, ƙafafunta a bubbuɗe, fuskarta a daƙile kamar an danna ta. Bakinta irin na kunkuru ne, da shi take yankar ganye. Haƙoranta biyu ne rak, haure biyu da suka sauko daga muƙamuƙin sama. Sunan nata da Girkanci yana nufin ƙadangare mai shebur, amma ba ƙadangare ba ce, kuma ba dainoso ba ce, ta riga su zuwa duniya. Idan aka duba ginin ƙoƙon kanta, masana sun sa ta a ɓangaren dangin dabbobi masu shayarwa. Ba kakarsu ba ce, 'yar uwa ce ta nesa, kuma zuriyarta ta ƙare tuntuni.

To me ya sa ake maganarta? Kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, duniya ta ga mutuwar da ba ta taɓa ganin irinta ba. A yankin da yau ake kira Saberiya, a Rasha, ƙasa ta yi ta aman wuta na dubban ɗaruruwan shekaru. Hayaƙin ya cika sama, zafi ya ƙaru, iskar shaƙa ta ragu a cikin teku. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka shuɗe, na tudu ma mafi yawansu suka bi. Manyan mafarauta masu dogayen fiƙoƙi duk suka tafi. Listiro ta tsallake. Bayan masifar, a wasu duwatsun yankin Karu na Afirka ta Kudu, in ka tono ƙasusuwan dabbobin wancan lokacin, mafi yawansu nata ne.

Yaya ta yi? Ƙafafunta na gaba masu ƙarfi ne, na tono, kuma an sami ƙasusuwanta a cikin ramuka, wato in zafi ya yi zafi tana da wurin fakewa. A 2020 kuma, Megan Whitney da Christian Sidor sun yanka haurenta suka duba layukan da ke ciki, irin waɗanda ake gani a kututturen itace. A hauren waɗanda suka rayu can kusa da ƙarshen kudancin duniya, sun ga alamun cewa dabbar takan rage aikin jikinta ta lafe har lokacin wuya ya wuce. Mu da muka san yadda gaiwa ke shiga laka ta jira damina, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Yanzu mu bar dabbar a raminta, mu zo kan mutane, don a nan ne labarin ya fi kama ni.

A 1912, wani Bajamushe masanin yanayi, Alfred Wegener, ya tashi a wani taro a Frankfurt ya ce nahiyoyin nan da muke gani a da dunƙule suke wuri guda, daga baya suka tsage, kowace ta kama hanyarta. A 1915 ya fitar da littafi a kai. Ya ce ku dubi taswira, gaɓar Afirka ta yamma da ta Kudancin Amurka kamar ƙwarya ce da aka fasa biyu. Ya nuna duwatsu da ƙasusuwa iri ɗaya a gaɓoɓin biyu. Manyan masana duwatsu suka ce wannan ba fanninsa ba ne. Suka tambaye shi wane ƙarfi ne zai tura nahiya guda, kuma gaskiya amsar da ya bayar ba ta gamsar ba. Game da ƙasusuwan kuwa, suka ce ai da akwai zirin ƙasa da ya haɗa nahiyoyin, dabbobi suka bi ta kai, daga baya ya nutse. Wegener ya mutu a 1930 cikin ƙanƙarar Girinlan, yana da shekara 50, ana ganinsa mai tatsuniya. Cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya masa akwai Alexander du Toit na Afirka ta Kudu, wanda ya san duwatsun Karu kamar tafin hannunsa.

A shekarun 1960, binciken ƙarƙashin teku ya fara nuna cewa ƙasan teku tana buɗewa a hankali, sai ra'ayi ya fara juyawa. Lokacin an riga an san Listiro a Afirka ta Kudu da Indiya da Sin. Sai a watan Disamba na 1969, ayarin wani Ba'amurke, Edwin Colbert, suna tono a wani tsauni mai suna Coalsack Bluff a Antatika, wurin da babu komai sai dutse da ƙanƙara, suka ci karo da guntun muƙamuƙi da haure a jikinsa. Na Listiro ne.

Ku tsaya ku yi tunani. Tsakanin Afirka ta Kudu da Antatika akwai teku mai sanyi na kusan kilomita 4,000. Wannan gajeriyar dabba mai cin ganye ba ta da fiffike, ba ta da jikin da zai ƙetare teku. To ta ina ta bi? Da ƙafa ta taka, lokacin da ƙasashen biyu suke manne da juna, lokacin da Antatika take da koguna da tsirrai. Ba ita kaɗai ta tabbatar da maganar ba, amma hujja ce da ko ɗan firamare zai gane. Shekara 39 ke nan bayan mutuwar Wegener.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin nan yana da gaskiya a kan babban batun, amma bai iya bayyana yadda abin ke faruwa ba, kuma waɗanda suka tambaye shi hujja ba su yi laifi ba. Laifinsu ɗaya, sun mayar da tambaya ta koma dariya, suka daina dubawa. Mu ma a kafafen nan haka muke yi kullum, wani ya kawo magana, kafin a auna ta an fara tambayar shi ɗan waye.

Kuma har yanzu ƙasar da kake zaune a kanta tana tafiya, 'yan santimitoci a shekara, kusan yadda farcenka yake tsiro.

A nan zan dasa aya. In kana da tambaya ko gyara, ajiye a ƙasa, ina karantawa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.