Dabarar Gidan Dara a Zanen Fentin Ruwa

Dabarar gidan dara hanya ce ta faɗaɗa hoto ba tare da siffarsa ta jirkice ba. Akan ja layuka a tsaye da kwance a kan ƙaramin hoton har su raba shi gida-gida daidai wa daida, sannan a ja manyan gidaje masu adadi ɗaya da su a kan babbar takarda. Mai zane sai ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana lura da inda kowane layi ya shiga da inda ya fita. Manomin rani a Kura ko Bunkure ba zai ga baƙon abu a nan ba, don haka ake yanka gona fangali-fangali a shayar da kowanne shi kaɗai.

Lissafinta ba wuya. Hoto mai santimita 10 da 15, in aka mayar da kowane gida mai santimita 1 ya zama 3, zai koma 30 da 45. Tsawo da faɗi sun ninka sau 3, amma filin da za a shafe da fenti ya ninka sau 9, abin da masu koyo kan manta.

Dabarar tsohuwa ce. Kimanin shekara 4,000 da suka wuce masu zanen kaburbura a Masar na buga zare mai jan launi a bango don fitar da gidaje, kuma mutum a tsaye yakan ci gida 18 daga tafin ƙafa zuwa matsirar gashi. A 1435 Leon Battista Alberti na Italiya ya bayyana wani shara-sharan ƙyalle mai zaruruwa da ake kallon abu ta cikinsa, sannan bugun 1538 na littafin Albrecht Dürer na Jamus kan awo ya nuna mai zane yana aiki da firam mai irin waɗannan zaruruwa. Chuck Close na Amurka, wanda ya rasu a 2021, da ita ya yi manyan zane-zanensa na fuska. A Nijeriya kuwa, ɗalibai da yawa kan fara haɗuwa da ita ne a darasin labarin ƙasa, wajen faɗaɗa taswira ko rage ta don jarrabawar WAEC.

A fentin ruwa ne dabarar take buƙatar taka-tsantsan. Wannan fenti garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake tsinka a Yobe da Jigawa, kuma ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Layin fensir da fentin mai zai binne, a nan yana nan ana ganinsa, kuma da zarar ruwa ya bi ta kansa ya bushe, da wuya ya gogu. Yawan gogewa tun farko ma ɓarna ce: fuskar takardar na tashi, launi ya taru a wurin ya yi tabo. Saboda haka gwanaye kan ja gidajen a wata takarda ta daban, su gama zanen a can, su shafa baƙin fensir a bayanta, su ɗora ta a kan takardar fenti su bi layukan a hankali. Wasu kuma ɗigo kawai suke sawa a mahaɗar layuka. Hoton asali kuwa ba sai an ja layuka a kansa ba. Farar leda mai gidaje da aka shimfiɗa a kansa ta isa.

Shimfiɗar ƙasar Kura ta dace da wannan aiki. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin miƙaƙƙun magudanai tsakanin gonakin shinkafa da alkama da tumatir, kuma ido kan yaudari mai koyo ya zana magudanar da faɗi ɗaya har ƙarshe, alhali a hoto tsukewa take yi tana nisa. Gidajen kan tilasta masa ya zana abin da ke gabansa.

Sai dai dabarar wuri kawai take nunawa, ba ta san launi ba. Sararin sama ko ruwan da ya kwanta a gona ba a fentinsa gida-gida. Shafa ɗaya ake yi da babban buroshi, da sauri kuwa in lokacin hunturu ne, don iskar kan busar da gefen fentin kafin a kai ƙarshen takarda.