Jean-Paul Akono: ɗan gida da ya kawo wa Kamaru zinare

Duk wanda ya tashi daga Briqueterie ya bi ta Elig-Edzoa zuwa Mfandena, zai tarar da filin wasa na Ahmadou Ahidjo. An gina shi ne domin gasar cin kofin Afirka ta 1972, wadda Kamaru ta karɓi baƙuncinta. A cikin 'yan wasan ƙasa na wannan shekara akwai wani saurayi ɗan shekara ashirin daga Canon ta Yawunde, Jean-Paul Akono, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa suna Magnusson, sunan wani gwanin ɗan Suwidin da ke taka leda a Marseille. Kwango ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, muka ƙare a matsayi na uku. Zamanin Canon ne kuwa: ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1971 da 1978 da 1980.

Da ƙafa ta gaji, Akono ya koma horarwa. A wancan lokaci, babbar kujera ta Bature ce, ɗan gida kuwa yara ake miƙa masa. A Fabrairun 2000 Bafaranshe Pierre Lechantre ya ci kofin Afirka a Legas da manyan Zakuna, Akono kuma ya tafi Sidni da 'yan ƙasa da shekara 23, da Patrick Mboma a matsayin babban yaya.

Wasan Burazil shi ne ya nuna ko wane ne mai horarwar. Mboma ya ci da bugun tazara, aka kori Geremi, aka kori Aaron Nguimbat, Ronaldinho kuma ya rama ana dab da tashi. Mutum tara a gaban goma sha ɗaya, an shiga ƙarin lokaci. Kowane mai hankali zai ce a tattaru a baya a jira bugun fenareti, amma yaran ba su daina kai hari ba, har Modeste M'Bami ya zura ƙwallon da ta kashe wasan nan take a minti na 113. M'Bami ya rasu a Faransa a 2023. Daga nan suka doke Chile da ci 2 da 1.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 30 ga Satumba, 2000. Tsakar rana ce a Sidni, mu kuwa a nan wajen ƙarfe biyu na dare, unguwa ba ta runtsa ba. Xavi ya ci a minti na biyu. Carlos Kameni, yaro ɗan shekara 16, ya tare fenareti, duk da haka aka tafi hutu Sifen na da biyu, mu babu ko ɗaya. Abin da Akono ya faɗa musu a ɗakin sauya kaya, aikinsa ya bayyana a fili: cikin minti goma sha uku Amaya ya ci gidansu, Samuel Eto'o ya farke ta biyu. A bugun fenareti Pierre Womé ya rufe lissafi, 5 da 3, ana gab da asuba. Wannan ce lambar zinare ta farko da Kamaru ta taɓa samu a Olamfik.

'Yan uwanmu na Najeriya za su tuna mana cewa sun riga mu a Atlanta a 1996, da Tijani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna. Gaskiya ne, ba ma musu. Sai dai mai horar da su Jo Bonfrere ne, ɗan Holan. Akono shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ga zinaren Olamfik.

Ladan da aka ba shi shi ne kujerar Lechantre, amma ba ta yi masa daɗi ba. Angola ta doke Kamaru a Mayun 2001, surutu ya yi yawa, ya ajiye aiki, aka dawo da Baturen. A ganinmu ba a yi masa adalci ba: wasa ɗaya ya shafe abin da wata bakwai kacal kafin nan ya fitar da gari duka kan titi. Ya je ya horar da Chadi. A Satumban 2012, bayan Kef Bad ta lallasa mu 2 da nema, aka sake tunawa da shi, kamar yadda ake neman guga idan gobara ta tashi. Ya ci wasan ramuwa 2 da 1 a filin nan na Mfandena, amma bai isa ya kai mu gasar 2013 ba. A Mayun 2013 aka ba Bajamushe Volker Finke kujerar.